Ruwan rufi: yaya ake binne fayif ya kai shi kwata bai toshe ba?

Mai_Sabon_Gida:

Assalamu alaikum. Masana gini, ina neman shawara kafin damina ta riske mu. Gida ne a nan Kano, fili ƙafa 50 da 100. Ginin kansa faɗin mita 12 ne, tsawon mita 15, rufin kwano. Daga bangon gaba zuwa get mita 8, daga get zuwa kwatar layi mita 2. A baya an bar mita 7, kuma a can aka haƙa sokawe. Rijiya tana gaba ta ɓangaren hagu. Gefe da gefe lungu ne na mita ɗaya da rabi.

Yanzu ruwan rufin a gindin gini yake zuba. Ya riga ya ƙwaƙule ƙasa ya yi layi, fentin ƙasan bango kuma ya fara ɓarewa. So nake in sa gwata mai tare ruwa a bakin kwano, in binne fayif ya fitar da ruwan waje, sannan a shimfiɗa intalok a kai. Inci nawa zan saya? Zurfin nawa za a haƙa? Kuma ko zan iya juya ruwan baya ya shiga sokawe tunda ga ta nan kusa? Mai aikin da na kira ya ce inci 3 ya isa, wai ruwa da kansa yake neman hanya. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Injiniyar_Ruwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da maganar sokawe don ita ce mai haɗari: kada ka kuskura. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. Rufinka 12 sau 15, murabba'in mita 180 ke nan, ban ma sa bakin kwanon da ya zarce bango ba. Ruwa guda mai ƙarfi irin na watan Agusta, a ce milimita 50, zai sauke maka lita 9,000, wato jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 har guda 360. Rabin wannan ma ya ishi ramin da aka yi wa ruwan banɗaki. Zai cika shi, ya tayar da abin da ya kwanta a ƙasa, ya turo shi baya ta masai, ƙasar da ke kewaye kuma ta ƙoshi ta daina sha. Daga nan sai kiran motar kwashewa kowane wata.

Girman fayif kuma ba da yawan ruwan shekara ake yanke shi ba, da ƙarfin zubarsa ne a cikin mintoci goma ko sha biyar ɗin da yake sauka kamar da bakin ƙwarya. Mu yi lissafi da milimita 100 a awa. 180 sau 100, a raba da 3,600, lita 5 ke nan a kowane sakan. Idan gangara santimita ɗaya ce a kowace mita, fayif ɗin PVC mai tsabta yana ɗaukar kamar haka: inci 3 bai kai lita 3 a sakan ba, inci 4 lita 6 zuwa 7, inci 6 wajen lita 20. Ka ga inci 3 ya faɗi tun a takarda. Inci 4 guda ɗaya zai iya ɗaukar rufin duka ranar da aka sa shi, amma da yashi ya ɗan kwanta a ciki ya gaza. Ko dai layi biyu na inci 4, kowanne ya ɗauki rabin rufi, ko a haɗe su a inci 6.

Amma kada ka sayi ko soket ɗaya, wato abin haɗa fayif da fayif, tukuna. Abin da zai yanke aikin nan gaba ɗaya shi ne tazarar da ke tsakanin ƙasan tsakar gidanka da ƙasan kwata. Nemi siririn tiyon nan na magina da ake ganin ruwa a ciki, ka cika shi, ka tabbata babu kumfar iska ko ɗaya don ita ke sa shi ƙarya. Yi alama a bango mita ɗaya daga ƙasa. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a kan alamar, ɗaya ya shiga kwata ya tsayar da miƙaƙƙen katako a kan kankaren ƙasanta bayan ya kwashe yashi, ya zana inda ruwan tiyo ya tsaya. Ka auna daga zanen zuwa ƙasa, ka cire mita ɗaya, abin da ya saura shi ne jarinka. Ka kawo mana shi, da zurfin kwatar, da kaurin yashin da ka tarar a ciki, da tsayin DPC, wato layin da ke hana danshi hawa bango, daga ƙasa.

Tsohon_Birkila:

Alhaji, ka riƙe maganar Hajiya. Kafin ka dawo da awo bari in yi maka ta rami, don a nan ake kashe aikin tun ruwa bai taɓa shi ba.

Daga bakin kwata ake fara haƙa a nufo gida. Wanda ya fara daga gida yakan iso bakin titi ya tarar ya nutse ƙasa da inda zai fita, sai ya ɗaga fayif na ƙarshe sama ya rufe abinsa. Shi ke nan an bar ciki a tsakiya, ruwa ya kwanta, yashi ya kwanta a kansa, shekara biyu ya zama kamar an zuba siminti. A kafa fegi kowace mita 3, a ja igiya da gangarar da aka yanke, a yanki sanda ɗaya a riƙa gwadawa daga igiya zuwa ƙasan rami. Ido ba ya ganin santimita ɗaya a mita, ko na wane ne.

Faɗin santimita 40 zuwa 45 ya ishi inci 4. A zuba yashi santimita 10 a ƙasa, a yayyafa ruwa, a daddaka. Inda soket zai zauna a ɗan kwarfe yashin don jikin fayif ya kwanta gaba ɗaya. Abin da za ka tsaya a kai da idonka shi ne kada lebura ya tokare fayif da gutsuren bulo don ya gyara gangara. Suna son yin haka saboda sauri. In an rufe, nauyin ƙasa duk a kan wannan gutsuren yake taruwa, fayif ya lotsa ko ya tsage daidai wurin. Bayan an kwantar, a cusa yashi gefe da gefe da sanda, a rufe samansa da wani santimita 15, sannan ƙasa ta biyo baya kaɗan-kaɗan, santimita 15 a jiƙa a daka, a ƙara. Ban da baraguzan gini, ban da dutse. Wanda ya tura ƙasa gaba ɗaya ya tattake da ƙafa, damina ɗaya zai ga intalok ɗinsa ya lotsa a miƙe, har baƙo ya gane inda fayif ya bi.

Zurfi: inda ƙafa kawai ke bi, a samu ƙasa ƙafa ɗaya da rabi a kan fayif. Inda mota ke hawa, ƙafa uku. In ba a samu haka ba a lulluɓe shi da kankare, inci 4 zuwa 6 ta kowane gefe, buhun siminti ɗaya, kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Kada ka duba ƙaramar motarka kawai, ka tuna ranar da tankar ruwa ko tifa za ta shigo da baya.

Lungun nan naka na mita ɗaya da rabi shi ne bai yi mini ba. Duk inda ka haƙa a cikinsa kana kusa da fandishon ɗaki ko na katanga. Ƙa'idar ita ce a ba tushen gini aƙalla mita ɗaya, kuma in rami ya zarce ƙasan fandisho zurfi, a ƙara ja da baya gwargwadon abin da ya zarce. Haɗi ɗaya ya yi yoyo a wurin, ruwan da kake gudu ka kai shi ƙarƙashin gini da hannunka, inda ba mai gani sai bango ya tsage. Inda fayif zai ratsa katanga kuma kada a ɗaure shi da siminti. A sa guntun inci 6 a jikin katangar, inci 4 ya wuce ta ciki, don in katanga ta ɗan zauna kada ta karya shi. Darbejiya da mangwaro a ba su mita 3 ko fiye, saiwarsu tana bin danshi har cikin haɗi.

Mai_Sabon_Gida:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da Baba. Na auna da yamman nan. Daga ƙasan tsakar gida zuwa kankaren ƙasan kwata santimita 80. Zurfin kwatar 60. Yashi da ledar fiya wata da na tarar a ciki sun kai 20. Tsakar gidan kusan a miƙe take, bambancin gaba da baya bai fi santimita 3 ba. DPC yana sama da ƙasa da 45. Daga kusurwar baya zuwa kwata, in aka bi lungu, mita 28 na samu. Ina ganin 80 ai ta wadatar, ko?

Injiniyar_Ruwa:

Ba ta wadatar ba, Malam, don ba duka 80 ɗin ba ce taka. Bakin fayif ba zai fita a ƙasan kwata ba, in ba haka ba yashin nan na santimita 20 shi zai zama murfinsa. Sai ka ɗaga ƙasan fayif aƙalla 30 daga ƙasan kwata. Saura 50. Mita 28 a gangarar santimita ɗaya a mita ta cinye 28. Saura 22. Fayif ɗin kansa kaurinsa 11. Wato a kusurwar baya ƙasar da za ta rufe shi santimita 11 ce kacal, intalok da yashinsa ma sun kai haka. Kada kuma wani ya ce a rage gangarar. Ruwa yana buƙatar gudun da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na mita a sakan kafin ya tafi da yashi, kuma inci 4 a gangarar ɗaya cikin ɗari a bakin wannan iyakar yake. Rufin da ya sha ƙurar hunturu wata huɗu ba ruwa zalla yake saukewa ba.

Mafita ita ce ka daina neman gangarar a ƙasa, tunda kana da ta mita uku kyauta a jikin bango. Ruwan baya kada ya sauka a baya. A ɗaura fayif inci 4 a jikin bangon kowane lungu, ƙasa kaɗan da gwata, ya gangaro daga baya zuwa gaba, santimita 15 a tsawon mita 15. Mafitar gwatar baya da ta tsakiya su zuba a cikinsa. Sai ya sauka a kusurwar gaba, hagu ɗaya dama ɗaya, kowanne ɗauke da murabba'in mita 90, lita biyu da rabi a sakan. Da haka ka huta da haƙa a lungu, damuwar Baba ta kau, kuma in wani haɗi ya yi yoyo da ido za ka gani.

Abin da za a binne ya koma mita 10 zuwa 11 a kowane gefe. A nan kana da halin ba shi gangara mai kyau, ɗaya cikin sittin, wajen santimita 18 gaba ɗaya. Ƙasan fayif zai fara a 32 daga ƙasar yanzu, samansa a 21. In ka yi cikon marmara da intalok na santimita 15 ya zama 36, kuma har yanzu DPC yana sama da 30, wanda ya wadatar, don abin da ake so kada ya gaza 15. Ka bi da layukan ta gefen katanga, nesa da inda taya ke bi, sai dai ka ba fandishonta tazarar da Baba ya ce. Daga katanga zuwa kwata, mita biyun nan na waje, kankare dole, don ba ka da iko da wanda zai faka a wurin. Ta gefen rijiya kada a gina cemba, wato ɗan ramin bulo mai murfi da ke tara yashi, kusa da ita, fayif ya wuce a rufe kawai.

Bakin da ya fita a kwata a karkata shi ya bi inda ruwa ke tafiya, kada ya tsaya masa a gicciye. A sa masa marfi mai lilo wanda ke buɗewa waje kawai. Idan kwata ta cika ta tumbatsa, ruwan layi zai so ya shigo, ba zai kai tsakar gidanka ba tunda ka fi bakinta tsayi, amma zai ajiye maka taɓo da leda a ciki. Marfin yana kuma tare gafiya da kwaɗi. Kafin ka fasa jikin kwata, in ta gwamnati ce ka tuntuɓi hukumar tsara birni, KNUPDA ke nan a Kano. In mutanen layi ne suka yi karo-karo suka gina, ka sanar da su, kuma ka gyara inda ka fasa da kyau.

Mai_Famfo:

Tsarin Hajiya ya yi. Ni kayan aiki zan taɓa.

A kasuwa in ka ce inci 4 kawai, mai shago zai miƙo maka mara kauri don shi ne mai araha. Ka danna shi da hannu biyu, in ya lanƙwashe ka ajiye. Wanda za a binne, musamman a wannan ɗan zurfin, ka nemi wanda aka rubuta masa "6 bar" ko sama, wato ma'aunin matsin da yake jurewa. Ka kuma sa tif ka auna tsayinsa, ba kowane ne ke cika mita 6 ba, kada ka yi lissafi ka dawo kana neman rabin mita.

Abin da ya fi ɓata aikin fayif a wurinmu shi ne gasa bakinsa a wuta don a buɗa shi a zura wani. Za ka ga an kunna takardar siminti ana jujjuya shi. Wurin yana yin siriri, ya ƙone ya yi gautsi, bakin kuma ba ya fita da'ira sosai, gam ba ya kama ko'ina. Soket nawa yake? A saya. Yadda ake haɗi: a yanke a miƙe, a goge bakin da fayil ya ɗan yi gangare, a share ƙura da danshi, a shafa gam a ciki da waje, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, a riƙe rabin minti don yana son turowa baya. A rana tsaka ta bazara gam yana bushewa kafin ka haɗa, gara safiya. Bakin soket kullum ya kalli inda ruwa ke fitowa, wato sama.

Kwana kuma: kada a sa elbo mai digiri 90 a ƙarƙashin ƙasa. A haɗa mai 45 guda biyu da guntun fayif a tsakani. Inda layi zai shiga layi a sa wai (mahaɗi mai siffar Y), ba ti (mai siffar T) ba, don ti tana sa ruwa ya daki bango ya tsaya, yashi ya zube a nan. A gindin kowane fayif mai saukowa, kamar ƙafa biyu daga ƙasa, a sa wai mai murfin zare. Ranar da ya toshe ta nan za ka zura waya ko tiyo, ba sai ka ɗaga intalok ba. A bakin mafitar gwata a sa raga mai tudu kamar kwando a kife. Shimfiɗaɗɗiya ganye uku sun rufe ta.

Na jikin bango yana da nasa hali. PVC yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin Afrilu fayif mai mita 6 yana iya motsa santimita guda. A tsawon mita 15 ka ga abin ya kusa uku. Don haka a sa maɗauri kowace mita ɗaya don kada ya yi ciki, amma kada a matse shi ƙam, a bar shi ya iya zamewa. Inda mafitar gwata ta shiga cikinsa a zura kawai, ban da gam. A shafa masa fenti mai haske, rana tana cin PVC har ya riƙa fashewa kamar ƙwai.

Kafin a mayar da ƙasa ko shebur ɗaya, a gwada. A toshe bakin kwata da tsumma a cikin leda, a cika layin da ruwa har cemba, a yi alama, a jira rabin awa. In ya sauka a bi haɗi ɗaya-ɗaya da busasshen hannu. In bai sauka ba a cire toshiyar, a saki ƙaramar ƙwallo daga sama da bokiti ɗaya na ruwa. Ta fito, gangara ta yi. Ta maƙale, akwai ciki a wani wuri. Sai ka biya kuɗin aiki bayan wannan, ba kafin ba.

Tsohon_Birkila:

Saura cemba. Kowane fayif mai saukowa ya shiga cemba tukuna, kamar mita ɗaya da rabi daga bango. Ciki ƙafa biyu da ƙafa biyu, bulo inci 6, layi uku, wajen bulo 21, a cika ramukansa da kankare a yi fulasta mai santsi. Sirrinta shi ne ƙasanta ya zarce bakin mafita da ƙafa ɗaya. Nan yashi zai zube ya kwanta, ruwa ya wuce ta sama. Siminti ba ya kama PVC, don haka a shafa gam a bakin fayif a barbaɗa yashi, ya bushe, sannan a gina shi a ciki. Ni a ganina a bar ƙasan babu daɓe, a zuba tsakuwa, ragowar ruwa ya tsotse don kada sauro ya samu gida.

Mai_Famfo:

Baba, a gafarce ni, a nan kam ban bi ka ba. Cembar da ke mita ɗaya da rabi daga bango in aka bar ƙasanta a buɗe ta zama ƙaramar sokawe a gindin gini, abin da kai da kanka ka hana. Kuma ba ta daɗewa tana sha, laka takan liƙe tsakuwar. A daɓe ta. Sauro sai ya samu hanyar shiga yake ƙwai, kuma yana ɗaukar mako guda zuwa kwana goma kafin ya tashi. Murfi ya zauna daram, marfin bakin kwata yana rufe, ragar sama a ƙara mata ta sauro a bakin fayif in ana so. A rage ramin yashin zuwa santimita 20, a riƙa kwashewa.

Tsohon_Birkila:

Na karɓa, don kusancin. In da ta kai mita biyar daga gini da ban janye ba. Murfin dai kada a yi shi da nauyin da sai ƙarti biyu, in ba haka ba ba mai buɗewa. Kauri inci 2 da rodi, da hannu na ƙarfe, kuma mai intalok ya zagaye shi, kada ya shimfiɗa a kai.

Maman_Yara:

Sannunku da ƙoƙari. Don Allah mu da layinmu babu kwata fa? Filinmu 100 da 100 ne, rufin zai kai murabba'in mita 150. In muka saki ruwa ta rariya sai ya kwanta a ƙofar maƙwabta, kullum cikin magana.

Injiniyar_Ruwa:

Hajiya, ke kina da abin da Malam ba shi da shi, wato fili. Rami na musamman za a yi wa ruwan sama, daban da na banɗaki. Sai dai a fara tambayar ƙasar ko za ta sha. A haƙa kamar mita ɗaya a inda ake so, a ƙasansa a yi ƙaramin rami santimita 30 ta kowane gefe, a cika da ruwa a bar shi ya kwana. Da safe a sake cikawa a duba agogo. In ya ƙafe cikin awa biyu ko uku ƙasar tana sha sosai. In ya wuni ya kwana yana nan, yumɓu ne, kada a ɓata kuɗi. Jigawa mai rairayi tana karɓa, baƙar laka irin firkin Borno da ƙasar fadama ba sa karɓa. Gwajin damina ya fi na rani gaskiya.

Na biyu, ki leƙa rijiya mafi kusa a ƙarshen Agusta ki ga inda ruwa ya tsaya. Ƙasan ramin ya kasance sama da wannan da aƙalla mita ɗaya.

Girma: 150 sau milimita 50, lita 7,500. Rami zagayayye mai faɗin mita 2 a ciki, zurfin mita biyu da rabi daga bakin fayif zuwa ƙasa, yana ɗaukar wajen lita 7,800. A lura, daga bakin fayif ake ƙirga zurfin, abin da ke samansa ba ya cikin lissafi. A zagaye shi da bulo ana barin tazara tsakaninsu don ruwa ya fita ta gefe, a cika bayan bulon da tsakuwa, layi biyu ko uku na sama a gina su a rufe, a yi silab mai rodi da ƙofar dubawa mai nauyin da yaro ba zai ɗaga ba. Masu cika ramin da duwatsu su sani sarari tsakanin duwatsu kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai, sai an haƙa ninki uku kafin a samu wannan lita 7,500. Ramin kirki ya kamata ya sha rabin abin da ke cikinsa a kwana ɗaya, don a lokacin marka ruwan gobe ba ya jiran na yau. A bar masa mafitar ambaliya ta sama da za ta zuba a wurin shuke-shuke.

Tazara: mita 5 daga kowane gini, har da na maƙwabci, mita 15 daga rijiyar sha in fili ya ba da hali, kuma can nesa da shadda don kada ya jiƙa mata ƙasa. Cembar yashi kafin ramin ba zaɓi ba ce, laka ita ke kashe irin wannan rami. Masu haƙa kuma, in zurfi ya wuce ƙirjin mutum a ƙasa mai rairayi a tokare gefe da katako, kada a tara ƙasar da aka fitar a bakin ramin, kada a bar mutum ɗaya a ciki babu kowa a sama.

In da hali ki sa tanki a gaba, ambaliyarsa ta tafi ramin. Mai lita 2,000 ruwan milimita 15 ya cika shi a rufinki. Nauyinsa tan biyu ne in ya cika, sai a kan daɓen kankare. Ruwan farko da na biyu na shekara a bar su su wanke kwano, kada su shiga tanki. Fayif ɗin ambaliya kuma ya zama daidai da na shiga, inci 4 da inci 4, don ƙaramin bakin da tanki ke zuwa da shi ba zai iya fitar da abin da ke shigowa ba.

Mai_Sabon_Gida:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na bi tsarin jikin bango. Tambaya ta ƙarshe: sau nawa ake buɗe cembar?

Mai_Famfo:

Sau uku a shekara. A watan Mayu kafin ruwa ya sauka, a share gwata a kwashe cemba. Bayan ruwa biyu na farko a sake, don su ne ke sauko da ƙurar rani duka, za ka iya cika bokiti da laka. Sai ƙarshen Agusta. Duk lokacin a leƙa bakin kwata a ɗaga marfin a ga leda ba ta riƙe shi ba. Kuma ranar da za a rufe rami ka ɗauki hoto da tif a shimfiɗe daga katanga zuwa fayif, a wuri uku a kowane layi, ka ajiye shi tare da takardun gida, saboda mai diga da zai zo jan wayar wuta ko fayif ɗin burtsatse nan da shekara biyar.